Moto ne, ESC ne, ko waya? Yadda ake gano laifin dron ɗin da ka haɗa da hannunka

Cire farfela tukuna. Duk abin da zan faɗa a nan, har zuwa gwajin ƙarshe, ana yin sa ne babu farfela ko ɗaya a kan jirgin. Farfela mai inci 10 a kan moto A2212 tana yanka yatsa har ƙashi, kuma jirgin da wayoyinsa suka rikice yana iya zabura ba tare da ka taɓa totur ba. Kwance su duka huɗun ka jefa a aljihun tebur.

Sana'ata gyaran amfilifaya da inbata ce a Aboabo, nan Kumasi. Haɗa dron sha'awa ce da ta zame mini aiki na biyu, domin samarin Asawase da Sawaba da ɗaliban jami'ar KNUST suna kawo mini nasu in ya ƙi tashi. Maganar da suke shigowa da ita kusan ɗaya ce: "Masta, moto ɗaya ya mutu, sai na yi odar wani." Galibi moton lafiyarsa lau. Odar kaya daga Sin makonni take ci, ga kuɗin dako, kuma in sabon ya iso aka ɗaura shi a kan laifin da ba a gano ba, shi ma ƙonewa zai yi. Tsakanin batir da farfela abu huɗu ne kawai: waya da dalmarta, ESC mai sarrafa gudun moto, moton kansa, sai saitin ƙwaƙwalwar jirgin, wato allon da ke ba ESC umarni. Aikinka shi ne ka raba su, ka san wanne ne mai laifi kafin ka kashe ko sidi ɗaya. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya sauya waya, ya sauya saiti, ya sauya moto duk a zama ɗaya, ko jirgin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba.

Kafin batir ya taɓa jirgin, maltimita ce za ta fara taɓa shi. Juya ta zuwa wurin da take ƙara in waya biyu sun haɗu. Ɗora tsinke ɗaya a kan ja, ɗaya a kan baƙi, a bakin filogin batir na XT60. In ta yi ɗan "tit" ta yi shiru, babu komai, kafasita ce ta sha ɗan caji daga mitar. In ƙarar ta zarce ba tsayawa, akwai shot, kada ka kuskura ka jona batir. Daga nan gwada ja da jikin firam. Mutane da yawa ba su san cewa firam ɗin kabon yana ɗaukar wuta ba. Ganinsa baƙi kamar roba ke yaudararsu. Waya ɗaya da gefen kabon ya goge mata riga ta isa ta kashe ESC. Masu firam F450 kuma, farantin ƙasa shi ne mai raba wuta ga ESC huɗun, don haka a duba ko dalma ta malala daga gurbin ja zuwa gurbin baƙi, ko wani siririn gashin waya ya tsallaka.

Jona batir na farko ba a yin sa kai tsaye. Sa kwan fitilar mota a tsakani, a kan jan waya, yadda duk wutar da za ta shiga jirgin sai ta ratsa ta cikinsa. Kwan sigina mai bolt 12 da wat 21 ya wadatar ga batir 3S, wato mai ɗaki uku a jere, kuma ba sai ka yi oda ba, kasuwar kayan mota ta Suame Magazine cike take da shi. Mai batir 6S, wanda ke kaiwa bolt 25.2 in ya cika, ya nemi kwan babbar mota mai bolt 24. In komai lafiya, kwan zai yi ɗan walƙiya ya dushe. In ya kama da haske ya tsaya, zare batir nan take: kwan ya shanye wutar da za ta ƙona maka kaya. Abin da ba a yi da kwan a jone shi ne tura totur, domin ba zai bar wuta mai yawa ta wuce ba, moto zai yi ta shaƙewa ka ɗauka wani sabon laifi ne.

Yanzu saurara. Ƙarar da kake ji in an jona batir daga moton take fitowa, ESC ne ke kaɗa koyil ɗinsa. ESC masu manhajar BLHeli suna yin ƙara uku masu hawa, ma'ana wuta ta iso kuma ESC yana raye. Sai ƙara biyu su biyo baya, ma'ana ya ji saƙon ƙwaƙwalwa kuma totur yana ƙasa. Ɗora yatsa a kan kowane moto ka ji yana motsi da ƙarar. Wanda bai motsa ba ko kaɗan, ko dai wuta ba ta kai ESC ɗinsa ba, ko ESC ɗin ya mutu, ko wayoyin moton ba su kama ba. In ukun farko sun fito amma biyun baya ba su zo ba, ka bar zargin moto, matsalar tana kan wayar saƙo ko a saiti. A nan ne ake yawan faɗawa rami: mutum ya sayi tsofaffin ESC masu manhajar SimonK, irin masu 30A da ke zuwa cikin kwalin F450, sannan ya zaɓi DShot600 a Betaflight, manhajar ƙwaƙwalwar jirgin. Waɗannan ESC ba su san yaren saƙo na DShot ba, na PWM suke ji. Kuma wayar saƙo tana son abokiyarta baƙa ta tafi tare da ita har ƙwaƙwalwa. Kada a yanke ta don a rage cunkoso.

Mai ESC guda mai ɗauke da huɗu ya kula da ƙaramin filogin da ke haɗa shi da ƙwaƙwalwa. In kamfanin da ya yi ESC daban ne da wanda ya yi ƙwaƙwalwar, jerin wayoyin yana iya bambanta ko da filogin ya shiga daidai. Karanta rubutun da ke jikin allunan biyu, waya bayan waya. In wayar da ke ɗauke da wutar batir ta faɗa gurbin saƙo, ƙwaƙwalwar ta tafi ke nan a daƙiƙa ɗaya.

Laifin da na fi gani shi ne moto mai karkarwa. Ka tura totur, ukun su juya, na huɗu ya yi ta gaba da baya yana ƙara-ƙara, ba ya zagayawa. Sauke totur da sauri, domin kowace daƙiƙa a wannan hali tana dafa ESC. Moto irin wannan ba shi da burushi, wayoyi uku ne ke shiga cikinsa, ESC kuma yana ba su wuta bi da bi, yana kuma sauraron wutar da ke dawowa daga wayar da ke hutawa don ya san inda maganaɗisu ya kai. Waya ɗaya ta yanke, lissafin ya rushe. To ina ta yanke?

Fara da dalma. Kama kowace waya da filaya ka ja ta a hankali. Dalma mai kyau tana sheƙi, ta kwanta ta rungumi wayar da gurbin. Marar kyau tana zama dunƙule, fari-fari, kamar ɗigon kunu da ya bushe a bakin kofi, a ido ta kama amma a ƙasa babu abin da ta riƙe. Dalilinta kusan kullum ƙarancin zafi ne. Ƙaramin ayan da masu gyaran waya na Adum suke aiki da shi yana da kyau ga aikinsu, amma gurbin batir da waya mai kaurin 12 ko 14 AWG suna shanye zafinsa kafin dalma ta narke. Nemi ayan mai faɗin baki, wat 60 ko sama, ka kai shi tsakanin digiri 350 da 400, ka yi amfani da dalma 60/40 ko 63/37 da man dalma isasshe. Shafa dalma a gurbin daban, a wayar daban, sannan ka haɗa su. In ana yawan ɗauke wuta a unguwarku, akwai ƙananan ayan irin TS100 da ke aiki da batir ɗin jirgin kansa, kuma sun fi ayan mai araha na kasuwa riƙe zafi.

Masu filogin harsashi na milimita 3.5 tsakanin moto da ESC su zare robar da ta rufe shi su duba ciki. Sau da yawa wayar tana lilo a cikin kofin filogin, robar ce kawai ke riƙe da ita. Akwai kuma wani tarko a kan moto masu araha: wayar da ta fito daga cikinsu ita ce wayar koyil ɗin kanta, mai fentin da ke hana wuta wucewa. In ka gajarta ta, dalma ba za ta kama ba sai ka kankare fentin daga kowane sili har jan ƙarfen ya fito.

In dalma ta tsira, sai a raba moto da ESC. Wannan gwaji ya fi kowanne amfani, kuma ba ya cin ko kwabo. Cire moton da ake zargi ka jona shi a ESC ɗin maƙwabcinsa mai lafiya, shi kuma mai lafiyar ka kawo shi wannan gurbi. In karkarwar ta bi moton zuwa sabon wurinsa, moton ne. In ta tsaya a tsohon hannun, ESC ne ko saƙon da ke zuwa masa. Sharaɗi ɗaya: kafin ka jona moton da ake zargi a ESC mai lafiya, auna shi, domin moto mai shot yana kashe ESC.

Aunawar ba wuya. Haɗa tsinken mita biyu da juna tukuna ka ga abin da take nunawa, domin juriyar koyil ƙarama ce ƙwarai, ƙasa da om ɗaya, har juriyar wayar mitar tana shiga lissafi. Sannan auna wayoyin moton biyu-biyu: ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, ta ɗaya da ta uku. Lamba ukun su zo daidai da juna. Wadda ta nuna babu haɗi, koyil ya yanke. Bayan haka auna kowace waya da gindin moton, wurin da babu fenti, kamar ramin sukuru. Nan bai kamata mita ta yi ƙara ba sam.

Akwai gwajin hannu kuma. Ba batir, murza kowane moto da yatsa ka kwatanta. Mai lafiya yana juyawa da ɗan tsalle-tsalle na maganaɗisu. In ɗaya ya yi nauyi kamar an taka masa birki, cire wayoyinsa uku daga ESC, ka tabbata ba sa taɓa juna, ka sake murzawa. Ya saki? To ɗaya daga cikin tiransistocin ESC ne ya ƙone ya haɗe. Bai saki ba? Shot ɗin yana cikin koyil. Leƙa ta ramukan sama da tocila: koyil mai lafiya launin jan ƙarfe ne mai haske, ƙonanne ya yi baƙi, kuma hanci yana gane shi kafin ido.

Zan daɗe kaɗan a kan sukuru, domin ƙaramin abu ne mai cin moto da yawa. Wani ɗalibi ya kawo mini jirgi, moton gaba na hagu yana zafi har ba a iya taɓawa bayan ɗan gajeren juyi, sauran uku kuwa da sanyinsu. Ya riga ya canza ESC. Na ɗora mita tsakanin wayar moton da kan sukurun da ke ƙasan hannun jirgin, sai ƙara. Da muka kwance, bakin sukurun ya yi ɗan tabo baƙi, a cikin moton kuma ga wurin da ya huda fentin koyil, ɗan ɗigo bai kai ƙwayar gero ba. Sukurun da suka zo da moton sun ɓace masa, ya sayi wasu M3 da suka fi su tsawo da milimita biyu. Na ce masa, "Ƙanena, ESC ɗinka na farko yana nan? Kawo shi, mai yiwuwa lafiyarsa lau." Haka kuwa aka yi. Ƙa'idar da nake bi: tsawon sukuru ya zama kaurin hannun jirgin da ƙarin kamar milimita biyu, kuma bayan ɗaurewa a leƙa ta gefe a ga sarari tsakanin bakinsa da koyil.

Ƙasarmu ma tana da nata rabon. Jar ƙasar Kumasi da ƙurar hunturu suna shiga moto, maganaɗisu kuma yana tsince duk wani ɓarɓashin ƙarfe ya riƙe. Wanda ke haɗa jirginsa kusa da masu walda ko masu gurza ƙarfe ya fi kowa shan wannan. In ka murza moto ka ji ƙasa-ƙasa a ciki, cire ɗan makullin da ke gindin sandar, zare hular, ka bi maganaɗisun da salatif mai danƙo ka ɗebe ɓarɓashin. Duba ko wani maganaɗisu ya goce daga layinsa. In hular tana rawa gefe da gefe, ko tana gurnani, boris ne ya ci, kuma ana canza shi ba sai an yar da moton ba. Da damina kuma, jirgin da ya faɗa ciyawa mai raɓa a bar shi ya bushe sarai kafin a jona masa batir.

To, duk huɗun suna juyawa. Saura su juya a inda ya dace, ta fuskar da ta dace, domin jirgin da ke kifewa da zarar ya bar ƙasa kusan kullum nan ne matsalarsa. A Betaflight, moto na 1 shi ne na baya dama, na 2 gaba dama, na 3 baya hagu, na 4 gaba hagu. A saitin asali, na 1 da na 4 suna bin hannun agogo, na 2 da na 3 suna saɓa masa. Masu ƙwaƙwalwar Pixhawk ko APM da manhajar ArduPilot kada su ari wannan jeri, nasu daban ne: na 1 gaba dama, na 2 baya hagu, duka biyun suna saɓa wa agogo, na 3 gaba hagu, na 4 baya dama, suna bin agogo. Gwajin moto na Mission Planner, manhajar da ake saita ArduPilot da ita a kwamfuta, kuma da haruffa yake tafiya, A a gaba dama, sannan B, C, D suna zagayawa ta hannun agogo, ba bin lambobin yake ba. Shiga shafin gwajin, tayar da moto ɗaya-ɗaya a hankali, ka manna ɗan salatif a hular don ka ga fuskar juyin. Wanda ya juya a baibai, sauya kowace waya biyu daga cikin ukunsa, ko ka juya shi a manhaja in ESC ɗinka BLHeli_S ne ko AM32.

Sannan ɗaga jirgin a hannu kana kallon hotonsa a kwamfuta. Ka dunƙufar da hancinsa, hoton ya dunƙufar da hanci. Ka karkata dama, ya karkata dama. In ya yi wani abu daban, kibiyar da ke kan ƙwaƙwalwar ba gaba take kallo ba, sai a gaya wa manhajar digirin da aka juya ta.

In moto huɗun ba sa tashi tare, wani ya riga wani, kuma PWM kake amfani da shi, ESC suna bukatar a koya musu iyakar totur, daga 1000 zuwa 2000. Totur a sama, jona batir, jira ƙara, sauke totur ƙasa, jira ƙara ta biyu. DShot ba ya bukatar wannan. Abu ɗaya da ke tsorata sababbi alhali ba laifi ba ne: a kan tebur, ba farfela, in ka kunna jirgin da rimot, za ka ji wani moto yana ƙara gudu shi kaɗai. Ƙwaƙwalwar ce ke ƙoƙarin gyara tsayuwar jirgin, ta ga bai motsa ba, ta ƙara wuta. In kuwa ya ƙi kunnuwa gaba ɗaya, Betaflight yana rubuta dalili a shafin farko. MSP yana nufin kebul ɗin kwamfuta na jone, THROTTLE totur bai sauka ƙasa ba, RXLOSS risiba ba ta jin rimot. Ga risiba, wayar TX mai aika saƙo tana zuwa RX mai karɓa a ƙwaƙwalwa ne, RX kuma TX.

Wani laifin ba ya fitowa sai a sama: jirgi yana tafiya lafiya, ka ba shi wuta, moto ɗaya ya ɗauke, ya juyo ƙasa. Fara da batir. Kowane ɗaki na batir LiPo bolt 4.2 ne a cike, kuma in yana faɗuwa ƙasa da 3.5 da zarar an ja wuta, batir ɗin ya gaji ko ya yi wa jirgin kaɗan. Wasu ESC masu araha, waɗanda asalinsu na jirgi mai fiffike ne, suna rage wuta da kansu in batir ya yi ƙasa, kuma ba sa yin haka a lokaci ɗaya, sai ɗaya ya riga sauran. A kashe wannan saiti in ana iya kashe shi. Duba kuma ko moto da batir da farfela sun dace da juna. Lambar KV tana nufin juyi nawa a minti ga kowane bolt in babu farfela: A2212 mai 1000KV a kan 3S cikakke, bolt 12.6, yana neman juyi 12,600. An yi shi ne don 2S zuwa 3S, ka ba shi 4S da farfela 1045 mai inci 10 sai ya dahu. Haka moto 2207 mai 2400KV na 4S ne. Masu 6S suna amfani da 1700 zuwa 1950. Kada a manta da kafasita a gindin wayar batir, kamar 1000µF mai bolt 35, ƙafafunta gajeru, gefen da ke da zane a kan baƙi. Ita ke shanye tsallen wutar da moto ke mayarwa in ya rage gudu, wanda ke rikita ƙwaƙwalwa ya kuma kashe ESC a hankali.

Batir da ya kumbura ko ya lotsa bayan faɗuwa kada ya kwana a ɗaki. Gidajenmu na zango a haɗe suke, wutar LiPo kuma ba ta jiran a kawo ruwa. Yi caji a kan siminti kana kusa, da bokitin yashi a gefe.

Sai yanzu farfela za ta hau. Rubutun jikinta sama yake kallo, kuma gefen da ya fi tudu shi ne ke shiga iska da farko in moton ya juya. Duba ko wace a kan motonta, ka ɗaure noti sosai. Wurin gwaji kuma ba Aboabo ba: filin jirgin sama na Prempeh I yana nan kusa da mu, kuma tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, GCAA, ta wajabta rajistar dron a Ghana, da iyakar tashi ƙafa 400 da nisantar filayen jirgi. Yi rajistarka, ka fita bayan gari inda babu yara. Tsaya a bayan jirgin da tazara, ɗaga shi zuwa tsayin gwiwa, riƙe shi nan rabin minti, ka sauke, ka zare batir. Taɓa moto huɗun da ESC ɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Ɗumi ba komai. In duka sun yi zafin da yatsa ba ya iya zama a kai, duba lanƙwasasshiyar farfela, girgizar da ke isa ƙwaƙwalwa, ko lambar D da ta yi yawa a saitin PID mai daidaita tsayuwar jirgin. Maganaɗisu na gama-gari yana fara rasa ƙarfi in zafi ya kai wajen digiri 80. In ɗaya ne kawai ya fi sauran zafi, cire farfela, ka koma kan sukuru da dalma da boris na wannan hannun.